Amsoshin tambayoyinku: ƙera wa yara ƙaramar motar hawan duwatsu

Wasiƙu huɗu ne suka haɗu a wannan makon a kan batu guda, wato ƙananan motocin nan marasa gangar jiki, waɗanda bututun ƙarfe ne kawai da inji da manyan tayoyi, da iyaye a Amurka suke ƙera wa 'ya'yansu domin hawan duwatsu. Na taƙaita tambayoyin, na kuma ajiye sunayen masu su.

TAMBAYA: Ina zaune a Jos, kuma bayan gidanmu duwatsu ne. Yarana maza biyu, ɗan shekara 9 da ɗan shekara 11, sun matsa mini in ƙera musu irin motar da suke gani a bidiyo. Ina da injin ban ruwa mai ƙarfin doki 6.5 da na daina amfani da shi. Shin zai isa, ko in sayi injin babur mai ƙarfi?

AMSA: Malam, ka riƙe kuɗin injin babur ɗin, domin injin da ke hannunka ya isa har ya yi yawa. Abin da ya kamata ka fara fahimta shi ne cewa wasan hawan duwatsu da mota, kamar yadda ake yin sa a Moab ta jihar Utah, ko a hanyar Rubicon ta jihar Kalifoniya wadda tsawonta bai wuce kilomita 35 ba amma sai ta cinye wa direba yini guda ko fiye, wasa ne na rarrafe, kuma wanda ya iya shi yakan tafi a hankali fiye da mai tafiya da ƙafa. Abin da ke ɗaga taya ta haye dutse shi ne ƙarfin murɗawa da ke isa ga tayar, kuma wannan ƙarfin daga giya yake fitowa. Bidiyon da yaranka suke gani na motoci suna tashi sama da ƙura, mai yiwuwa na gasar King of the Hammers ne, wadda aka fara a shekarar 2007 a kwarin Johnson na Kalifoniya, kuma wannan fage ne na manya masu motocin da kuɗinsu ya fi na gida.

Bari mu yi lissafi, tun da shi ne zai raba gardama. Injin irin naka, wanda aka kwaikwaya daga Honda GX200, yana da wata na'ura da ake kira gwamna da ke tsayar da shi a wajen juyi 3,600 a minti guda. Idan ka sa taya mai tsayin inci 18, kowane juyi nata yana cin ƙasa kusan mita 1.4. Idan ka haɗa injin da sandar tayoyin baya da sarƙa ɗaya tak, ƙaramin faifai mai haƙora 10 yana jan babba mai haƙora 60, taya za ta yi juyi 600 a minti, wato gudun da ya haura kilomita 50 a awa. Wannan gudu a hannun ɗan shekara 9, a tsakanin duwatsun Jos, ba abin da zan yarda da shi ba ne ko da wasa. Amma idan ka ƙara wata gajeriyar sanda a tsakiya mai ɗauke da faifai biyu, ta yadda injin zai juya sau 30 kafin taya ta juya sau ɗaya, gudun zai sauko zuwa kimanin kilomita 10 a awa, ƙarfin da ke isa ga taya kuma zai ninka sau biyar. Injin bai canza ba, man da yake sha bai ƙaru ba, amma motar ta koma mai hawa.

Inda nake so ka kashe kuɗi shi ne wajen abin da ke tsakanin inji da sarƙa. Kulochi mai araha da ake sa wa ƙananan motocin tsere yana kamawa ne idan inji ya kai wajen juyi 2,000, kuma muddin ana tafiya a hankali yana zamewa yana ɗaukar zafi, har ya ƙone, ga shi kuma tafiya a hankali ita ce dukan aikin wannan motar. Abin da ya dace shi ne na'urar bel mai faifai biyu masu buɗewa da tsukewa da kansu, irin tsarin da ke cikin baburan roba-roba. Samfurin da aka fi sani, Comet TAV2 da waɗanda aka kwaikwaya daga gare shi, yana farawa da rage juyi kusan sau 2.7 a lokacin tashi, sannan ya saki yayin da gudu ya ƙaru. Idan ka haɗa shi da sarƙoƙin nan biyu, a gindin dutse injin zai juya kusan sau 80 kafin taya ta juya sau ɗaya, kuma a fili gudun ba zai wuce kilomita 12 a awa ba.

Akwai wani abu da masu bidiyo ba sa faɗa. Injin ban ruwa ba shi da famfon baƙin mai. Wani ɗan cokali ne a jikin hannun fistin yake fantsama man a ciki, shi ya sa kamfanin Honda ya iyakance karkatar irin waɗannan injuna a wajen digiri 20. Idan motar ta daɗe a tsaye a kan gangare mai tsauri, man zai taru gefe guda, kuma idan injin yana da na'urar da ke kashe shi in mai ya yi ƙasa, sai ya mutu a tsakiyar hawa. Makaniki zai ce maka ya cire na'urar, amma cire ta ba ya mayar da man wurinsa. Ka ɗauki wannan iyaka a matsayin iyakar tudun da yaran za su hau. Haka nan kada ka bari kowa ya taɓa gwamnan injin da sunan ƙara masa wuta, domin idan juyi ya wuce ƙima, faifan ƙarfen da ke gefen injin na iya tarwatsewa, kuma bayan yaro ne ke kusa da shi.

TAMBAYA: Ni mai walda ne a Kaduna. Wani alhaji ya ba ni aikin firam ɗin irin wannan mota. Wane bututu zan saya a Panteka, kuma wane awo zan bi?

AMSA: Ɗan'uwa, ka fara da ware bututu iri biyu da bai kamata su shiga aikin nan ba, ko da su ne suka fi sauƙin samu. Na farko shi ne siririn bututun da ake kujeru da gadaje da shi, wanda ke lotsewa idan an buga masa guduma. Na biyu shi ne bututun ruwa mai farin shafi, domin shafin tutiya ne, hayaƙinsa yana sa mai walda zazzaɓi, kuma yana ɓata ɗinkin. Masu wannan sana'a a Amurka sukan yi kejin motar yara da baƙin bututu mai faɗin inci 1 zuwa inci 1 da kwata, kaurin bangonsa kuma wajen milimita 2.4. Ka tafi kasuwa da ma'aunin kauri a aljihu, kada ka dogara da abin da mai shago ya ce, kuma idan kuɗin mai aikin ya kai, ka nemi bututun da ba shi da ɗinki a tsawonsa domin bakan da ke bayan kan yaro.

Wannan bakan shi ne ran motar. Ya kamata ya zama bututu guda ɗaya da aka lanƙwasa da injin lanƙwasa, ba guntaye da aka yanka aka haɗa a kusurwa ba, kuma ba wanda aka gasa da wuta aka tanƙwara har ya yamutse ba. Ka sa masa karan tsaye a gicciye daga kusurwar sama zuwa ta ƙasa, ka kuma tokare shi ta baya da bututu biyu, domin siffa mai kusurwa huɗu tana kwanciya idan nauyi ya faɗo mata, mai kusurwa uku kuwa tana tsayawa. Ka zaunar da yaron da hular kwanonsa a ka kafin ka yanka, ka bar aƙalla tafin hannu tsakanin hular da ƙarfen sama, ka kuma tuna cewa yaro ɗan shekara 9 ba zai tsaya a tsawonsa na bana ba.

Batun kifewa kuwa lissafi ne mai sauƙi, tsakanin faɗin motar da tsayin inda nauyinta ya taru. Idan tsakanin tayar dama da ta hagu mita 1 ne, nauyin kuma ya taru a santimita 40 daga ƙasa, motar da ke tsaye ba za ta kife ba sai ta karkata kusan digiri 51. Idan ka ɗaga kujera da inji har nauyin ya koma santimita 55, iyakar ta sauko zuwa digiri 42, kuma mota mai tafiya tana cin karo da duwatsu takan kife tun kafin ta kai waɗannan lambobi. Saboda haka ka saukar da kujera har ƙasan firam, ka ajiye inji ƙasa-ƙasa, ka ƙi roƙon mai aikin idan ya ce a ɗaga motar domin ta yi kwarjini.

Game da tayoyin baya, sanda guda mai juya su biyun tare ta fi dacewa, domin idan ɗaya ta tashi sama ɗayar za ta ci gaba da ja. Kana iya samun gindin keken ɗaukar kaya da araha, har da giyar baya a wasu, amma yana da nauyi, kuma rumbun giyarsa yana tura ƙarfi ga tayar da ke lilo a iska, sai an toshe shi da walda. Ka kuma lura cewa faifai mai haƙora 60 na sarƙar babur yana da faɗin kusan inci 9 da rabi, don haka a ƙarƙashin taya mai inci 18 abin da ya rage tsakaninsa da ƙasa bai wuce inci 4 ba. Ka yi masa faranti mai kauri a ƙasa, in ba haka ba dutsen farko zai lanƙwasa shi. Jan tayoyi huɗu, wanda wasu a can suke yi da gindin motar Suzuki Samurai da aka rage wa faɗi, aiki ne da zan ce ka bar shi sai a mota ta biyu.

TAMBAYA: 'Yata shekararta 5. Mahaifinta yana son a ƙera mata mai injin fetur, ni kuma ina ganin a sayi ta roba mai batir a Abuja. Wa ya fi gaskiya?

AMSA: Hajiya, a wannan karon ke ce da gaskiya, ko da yake motar roba ba za ta hau komai ba sai ɗan tudun ciyawa. Irin waɗanda ke aiki da batir mai bolt 12, kamar Power Wheels, gudunsu ya tsaya a wajen kilomita 8 a awa, kuma wannan ya ishi 'yar shekara 5. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana ba da shawarar kada yaron da bai kai shekara 16 ba ya tuƙa babur mai ƙafa huɗu na daji, kuma kamfanin Polaris da ke ƙera wa yara mota mai keji ya sa shekara 10 a matsayin mafi ƙanƙanta ga tsohon samfurinsa RZR 170. Idan kin je saye, ki zaɓi mai rimot da zai ba ki ikon tsayar da ita daga nesa, ki kuma sa a buɗe wajen batir ki ga ko akwai fis. A shekarar 1998 an janye motocin Power Wheels har kimanin miliyan 10 daga kasuwar Amurka saboda wayoyinsu suna ɗaukar zafi suna kama wuta, don haka kada a yi cajin ta cikin ɗakin kwana, kada kuma a bar ta a jone har gari ya waye.

Idan yarinyar ta girma aka koma maganar mai inji, akwai haɗarin da ya fi shafar 'ya'yanmu mata. A Amurka an sha samun yaran da dogon gashinsu ya naɗe a sandar tayoyin baya har fatar kai ta ɗaye, mu kuma a nan ga hijabi da gyale da doguwar riga. Dole a rufe sarƙa da bel da sandar baya da murfin ƙarfe ruf, a sa faranti tsakanin kujera da inji, yarinya kuma ta hau da riga da wando, ta cusa gajeren hijabinta cikin riga a ƙarƙashin hular kwano.

TAMBAYA: Wace taya da wane birki zan saya, kuma yaran za su iya zagaya unguwa da ita?

AMSA: Ka nemi tayar babur mai ƙafa huɗu, mai faɗi da manyan ƙuraje, wadda ake hura wa iska kaɗan ƙwarai, tsakanin fam 4 zuwa 7, domin ta lanƙwashe ta rungumi dutse. Tayar baro da ta Keke Napep suna da tauri, kuma santsi za su yi. Birki kuwa ka sayi sabon na faifai mai aiki da mai, irin na gaban babur, ka ɗaura shi a kan sandar tayoyin baya kai tsaye, domin idan ka ɗaura shi a sandar tsakiya, ranar da sarƙa ta tsinke birkin ya tafi tare da ita. Ka ƙara da bel mai maɗauri huɗu da aka ɗaure a jikin firam, da raga a gefe domin kada yaro ya miƙa hannu waje idan motar za ta kwanta, da makunnin kashe inji guda biyu, ɗaya a gaban direba ɗaya a baya inda babba mai bin su a ƙafa zai iya kai hannu. A ƙarƙashin totur ka sa noti mai tsayar da shi a rabi, ka riƙa sassauta shi gwargwadon yadda hannun yaron ya faɗa.

Titi kuwa, ko na cikin unguwa ne, ba wurinta ba ne. Ba ta da lamba, ba ta da fitila, direbanta ba shi da lasisi, kuma tsayinta bai kai inda mai babbar mota zai hango ta ta madubi ba. Kafin yaro ya zauna a cikinta, ka ɗaure buhun yashi mai nauyinsa a kujera, ka tura ta gangaren da za su riƙa bi ka gwada birkin, sannan ku taru ku kifar da ita da gangan a kan ƙasa mai tauri, ka duba kowane ɗinkin walda da idonka, ka kuma duba ko fetur ya zubo daga murfin tanki zuwa kan salansa.