Casun hardcore a cikin jirgin ruwa: faɗa ne ko rawa?

Tambaya: Malam, yayana da ke New York ya turo mini bidiyon wani casu a cikin jirgin ruwa. Kiɗa kamar ana ɓarin kwanuka, samari sai bangazar juna suke yi. Faɗa ne ko rawa? Kuma za mu iya shirya irinsa a kogin Binuwai? Daga wani matashi a Garwa.

Amsa: Ƙanena, rawa ce. Kiɗan shi ake kira hardcore punk, ya taso a Amurka a ƙarshen shekarun 1970, a hannun ƙungiyoyi irin su Black Flag a Kalifoniya da Bad Brains a Washinton (su kam baƙaƙen fata ne). Ganga da gudu, jita mai kaushi, mawaƙi na ihu, kafin minti biyu an gama waƙa. Bangazar ma da dokarta: duk wanda ya faɗi, na kusa da shi za su ɗaga shi nan take. Hawa ruwa da irin wannan kiɗa kuwa ba yau aka fara ba. A Yunin 1977 ƙungiyar Sex Pistols ta yi wasa a jirgi kan kogin Thames a Landan, 'yan sanda suka sa aka dawo gaɓa, suka kama mutane.

Batun Binuwai ne ban yarda ba. Sake kallon bidiyon da kyau: jirgin faffaɗa ne, an kewaye shi da ƙarfe har ƙugu, kuma akwai adadin mutanen da doka ta yarda ya ɗauka. Kwale-kwalenmu fa? Ko fasinja ɗaya ya miƙe ba shiri, sai ka ji mai tuƙi ya daka masa tsawa. Ina ga samari ashirin sun ruga gefe guda a lokaci ɗaya? Kifewa kawai. Wajen Agusta da Satumba, sa'ad da kogin ya cika, ruwan na da ƙarfin ja, balle in an saki na madatsar Lagdo. Da rani kuma ga yashi, ga dorina. Ƙara da janareta da wayoyin lasifika a kan jiƙaƙƙen katako, mai jita na tsaye a kai ba takalmi.

In kun nace, ku kafa dandamali a bakin kogi da rana, ku nemi izinin hukuma tukuna.

Kunnenka ma abin kula ne. Irin wannan casu kan wuce desibel 100 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), alhali ƙara mai wannan ƙarfi ta fara yi wa kunne illa bayan kamar minti 15. In ka tashi washegari kunne na maka ƙugi, ya ji jiki. Sayi matoshin kunne na soso a kemis, ka murza shi ya sirance kafin ka cusa, kuma kada ka tsaya gaban lasifika.