Me ya sa max ke ba ni "nan" a Python?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, a nan Agege, har na rubuta 'yar manhaja don taimaka wa kawuna a Kasuwar Mile 12. Tana ɗauko nauyin buhunan albasa daga fayil ɗin Excel ta hanyar pandas (kayan aikin Python na sarrafa bayanai), ta fitar da wanda ya fi nauyi cikin biyu da max(a, b). Wani lokacin sai ta ba ni "nan", amma in na sauya wa lambobin wuri sai amsa ta fito daidai. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa ƙoƙarinka albarka. Leƙa fayil ɗin, zan iya cewa akwai buhun da aka manta ba a rubuta nauyinsa ba. Duk gurbin da aka bari babu komai, pandas na cike shi da NaN, wato "wannan ba lamba ba ce", shi ne "nan" ɗin da kake gani.

Ƙa'idar IEEE 754, wadda ta tsara lambobi masu ɗigo tun 1985, ta ce in ka tambayi ko NaN ya fi wata lamba, ko ya gaza ta, ko daidai suke, amsar kullum a'a ce. Ko da kansa ba ya zama daidai. Shi kuwa max na Python riƙe ta farko yake yi, sai ta biyu ta fi ta sannan ya sake ta. Shi ya sa max(nan, 50.5) ke ba ka nan, max(50.5, nan) kuma ya ba ka 50.5. Wannan na biyun ya fi ba ni tsoro, domin shiru zai yi, kawunka ya ɗauka an auna buhu biyu alhali ɗaya aka auna.

Sauran harsunan rubuta manhaja ma kowa da halinsa: fmax na C yana watsar da NaN ya ɗauki lambar, Math.max na Java kuma NaN zai mayar maka.

Don haka kafin ka kwatanta, ka tace kowace lamba da math.isnan, mai gaya maka ko NaN ce. In ta kama wani, manhajar ta tsaya ta ce buhu kaza ba a auna ba, a koma kan sikeli.

Ranar da ka zo lissafin kuɗin albasar, kada ka yi shi da lambobi masu ɗigo. Rubuta 0.1 + 0.2 ka gani, 0.30000000000000004 zai fito. Mayar da naira zuwa kobo ka yi aiki da cikakkun lambobi, ko ka yi amfani da decimal, kayan aikin Python da ke kauce wa irin wannan kuskure.