Me Ya Sa Hotunana Na Fitowar Rana Ba Sa Kama Da Abin Da Idona Ya Gani?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Kano, kuma ɗaukar hoto sha'awa ce a wurina, ba sana'a ba. Ni da wasu abokaina mun yi yarjejeniya cewa kullum kowa zai ɗauki hoto ɗaya ya tura wa sauran ta WhatsApp, kuma a wannan watan fitowar rana muka zaɓa. Nakan ɗauka daga saman benen gidanmu, ranar Asabar kuma nakan hau Dutsen Dala. Damuwata ita ce idan sama ta yi kyau a hoton, sai gidaje da bishiyoyi su fito baƙi ƙirin, idan kuma gidajen suka fito, sai sama ta koma fari fat, jan nan da na gani da idona ya ɓace. Ina da waya, ina kuma da tsohuwar kyamara da na saya ta hannu. Wani daga cikinmu ya ce sai na sayi sabuwa. Shin haka ne?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Ka riƙe kuɗinka tukuna, domin sabuwar kyamara ma haka za ta yi maka idan ka bar mata zaɓi. Abubuwa biyu nake zargi, kuma su ne suka fi damun masu fara wannan harka: kana isa wurin a makare, sannan kana barin na'ura ta auna maka haske yadda ta ga dama.

Bari mu fara da lokaci, tunda shi ba ya buƙatar ko kwabo. Kano tana kan layi na 12 arewa da tsakiyar duniya, shi ya sa rana a nan take tasowa kusan a miƙe, ba a karkace ba kamar yadda take yi a Ingila ko arewacin Amurka, inda aka rubuta yawancin darussan da ake karantawa a intanet. A can suna maganar awa guda ta haske mai ruwan zinariya, amma a wurinmu wannan haske ba ya wuce rabin awa bayan hudowar rana, kuma ƙwallon ranar kansa cikin minti biyu da ɗoriya yake gama fitowa. Mafi kyawun launi ma yakan zo ne kafin a ga ranar, a cikin minti 20 zuwa 25 na wayewar gari, lokacin da haskenta yake bugun gizagizai daga ƙasa alhali ita tana ɓoye. A wannan lokacin hasken yana ratsa iska mai kauri sosai, shuɗin cikinsa ya warwatse a hanya, ja da ruwan lemo su iso gare mu. Wanda ya fito da kyamara bayan ya ga rana ta leƙo, ya tarar an tashi daga biki.

A Kano rana tana fitowa da misalin ƙarfe 6:00 a ƙarshen Mayu da farkon Yuni, sannan ta riƙa jinkiri har ta kai wajen 6:50 a ƙarshen Janairu. Tsakanin ketowar alfijir da hudowar rana akwai fiye da awa guda, don haka idan ka idar da sallar asuba ka kama hanya ba tare da ka koma shimfiɗa ba, za ka hau Dala, ka huta daga hakin matakalar, ka zaɓi wurin tsayawa, duk kafin gabas ta fara ja. Ka kuma lura cewa ba a wuri ɗaya take fitowa duk shekara ba. A daidai gabas take hudowa wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba kawai. A watan Yuni tana karkata arewa da kimanin digiri 24, a Disamba kuma ta karkata kudu da kwatankwacin haka. Hasumiyar masallacin da ta tsaya a gaban rana yau, bayan wata biyu za ka tarar ranar ta bar ta a gefe. Manhajar PhotoPills da makamantanta suna nuna wannan a kan taswira, amma kamfas ɗin da ke cikin wayarka ma ya isa.

Sai batun baƙi da fari, wanda shi ne ainihin tambayarka. Idon mutum yana daidaita kansa nan take duk inda ya kalla: ka dubi sama ya rage, ka dubi ƙasa ya ƙara, ƙwaƙwalwa ta haɗa maka su wuri ɗaya, sai ka ɗauka a lokaci guda ka gan su. Kyamara ba ta da wannan dama, awo ɗaya take yi wa hoton baki ɗaya. Masu hoto suna ƙirga haske da matakai, kowane mataki ninkin na ƙasa da shi ne, kuma da asuba sama takan fi ƙasa haske da mataki uku ko huɗu, wato ninki 8 zuwa 16, idan rana ta fito kuwa tazarar ta zarce haka nesa ba kusa ba. Ita kuma na'urar awon da ke cikin kyamara an gina ta ne ta mayar da duk abin da ta gani tsaka-tsaki, kamar launin toka. Idan gidaje suka fi yawa a hoton, sai ta ƙara haske don su fito, sama ta ƙone. Idan sama ta fi yawa, sai ta rage, gidaje su nutse cikin duhu.

Abin da nake yi, kuma nake ba ka shawara a kai, shi ne ka auna haskenka da sama. Dalili kuwa shi ne wurin da ya yi duhu ana iya farfaɗo da shi daga baya wajen gyara, amma wurin da ya ƙone ya zama fari babu komai a cikinsa da za a dawo da shi. A waya, ka taɓa wani yanki na sama mai haske a gefen inda rana za ta fito, ba kan ranar kanta ba, ka danne yatsanka har awon ya kulle, sannan ka ja alamar hasken ƙasa kaɗan har jan ya dawo. A kyamara, ka sa ISO, wato ma'aunin saurin kama haske na kyamara, a 100, ƙofar haske tsakanin f/8 da f/11, sannan ka rage awon da mataki ɗaya, ka ɗauka, ka duba. Kada ka yarda da hasken fuskar kyamara, domin a cikin duhun asuba kowane hoto yakan yi kamar ya fi yadda yake haske. Ka buɗe jadawalin hasken nan mai kama da tsaunuka da kyamara take nunawa tare da hoto. Idan tulin ya jingina da bangon dama, sama ta ƙone, ka ƙara ragewa.

Idan kyamararka tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da ba a sarrafa ba, to ka koma kansa. Hoton JPEG kyamara ce ta riga ta dafa shi ta zubar da sauran kayan haɗin, shi kuwa RAW yana ajiye da yawa daga abin da ke ɓoye a cikin duhu, ta yadda za ka ɗaga inuwa a manhajar gyaran hoto irin su Lightroom ko Snapseed gidajen su fito ba tare da ka taɓa sama ba. Wayoyi da dama ma suna da shi a sashen ƙwararru. Idan tazarar ta yi yawa ƙwarai, ka ɗauki hoto uku ba tare da kyamara ta motsa ba, ɗaya daidai, ɗaya ƙasa da mataki biyu, ɗaya sama da mataki biyu, ka haɗa su daga baya. Wannan ne abin da waya take yi da kanta idan ka kunna HDR. Sai dai ina ganin mutane suna wuce gona da iri a nan, har hoton asuba ya koma tamkar an ɗauke shi da azahar an manna masa jar sama. Asuba tana da duhunta, kuma ya kamata a bar mata wani abu daga ciki.

Jan da ka ce yana ɓacewa kuwa, ba awon haske kaɗai ke cinye shi ba. Kyamara tana da tsarin daidaita launi, wanda ake rubuta shi WB, kuma idan aka bar shi ya yi aiki da kansa, yakan ɗauki jan asuba a matsayin kuskure, sai ya zuba masa shuɗi don ya gyara. Ka mayar da shi kan alamar rana, ko ka sa lamba tsakanin 5200 da 5600, za ka ga launin ya tsaya kusa da yadda ka gan shi.

Tunda haske kaɗan ne kafin hudowar rana, kyamara za ta daɗe a buɗe, wani lokaci rabin daƙiƙa ko fiye, kuma babu hannun da zai iya tsayawa cak har tsawon haka. Idan ba ka da mazauni mai ƙafa uku, ka cika ƙaramar jaka da shinkafa ko wake, ka ɗora ta kan katanga ko dutse, ka zaunar da kyamarar a kai, sannan ka sa ƙidayar daƙiƙa biyu don kada dannawarka ta girgiza ta. Ka goge gilashin da tsumma mai laushi kafin ka fara, musamman na waya da ke kwana a aljihu, domin ɗan maiƙon yatsa ya isa ya sa hasken rana ya bazu ya dusashe hoton duka. Kada ka zuƙo da yatsu biyu, sau da yawa yankan hoton kawai wayar take yi.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, amma ina jin shi ne zai raba hotonka da na sauran abokanka. Rana ita kaɗai a sama ba ta isa hoto ba, tunda kowa ya san kamanninta. Ana buƙatar wani abu a gaba da ido zai fara sauka a kai. Wata safiya a ƙarshen damina na je bakin madatsar ruwa ta Tiga, na ɗauki hotuna da yawa na sama da ruwa, duk kyawawa, duk babu abin da zai sa a sake kallonsu. Can sai wani masunci ya turo kwalekwalensa ya tsaya a inda jan sama ya kwanta a kan ruwa. Na durƙusa har gwiwata ta shiga laka don kansa ya ɗago sama da layin gaɓar tsallake, na jira ya wurga birgi, na danna a lokacin da ragar ta buɗe a iska. Shi da kwalekwalen baƙi ƙirin suka fito, kuma hoton bai rasa komai ba saboda haka. Ka ga ke nan baƙin da kake kuka da shi yana iya zama abin nema, muddin siffar abin a fili take: kuka, giginya, hasumiya, rumbu, mai keke ɗauke da kaya. Abin da ba ya yiwuwa shi ne tarin rufin gidaje da suka cakuɗe suka zama dunƙulen duhu, kuma ina zaton shi kake samu daga saman benenku. Ka kunna layukan raga a fuskar waya don layin da sama ta haɗu da ƙasa ya miƙe, kuma kada ka raba hoton gida biyu daidai. Idan sama ce ta yi ado, ka ba ta kashi biyu cikin uku, idan ba ta da gajimare ko ɗaya, ka ba ƙasa.

Idan rana ta ɗan ɗaga har ta fara kashe ido, ka juya mata baya. Daga kan Dala, idan ka fuskanci yamma wajen Goron Dutse, za ka ga hasken farko yana sauka kan katangu da bishiyoyi, inuwoyi sun yi tsawo, kuma matsalar baƙi da fari ta kau, tunda sama da ƙasa sun kusa daidaita a haske.

Yanayi ma yana da nasa hukunci. Daga Nuwamba zuwa farkon Maris hazon hunturu yakan rufe ƙasan sama, ranar ba za ta bayyana ba sai ta ɗaga, kuma ta fito fara ko ruwan ƙwai kamar faifai. Kada ka nemi jar sama a irin wannan rana, ka nemi jerin bishiyoyi ko gine-gine da suke dusashewa ɗaya bayan ɗaya cikin hazo. Kada kuma ka canza gilashin kyamara a waje a lokacin. Na taɓa yin wannan ganganci, na yi makonni ina goge ɗigon ƙura ɗaya bayan ɗaya daga kowace sama da na ɗauka. Safiyar da ta biyo bayan ruwan dare a damina, da kuma Satumba zuwa Oktoba, su ne suka fi ba da iska mai tsabta da gizagizai masu kama launi.

Game da musayar da kuke yi kullum, WhatsApp yana matse hoto, kuma sama mai launi a jere ita ce ta fi nuna wannan illa, sai ka ga ta yi layi-layi. Ku riƙa zaɓar HD ko ku tura hoton a matsayin fayil. Kowa kuma ya rubuta lokacin da ya ɗauka, da inda ya tsaya, da lambobin da ya yi amfani da su, domin idan yabo kawai ake yi babu wanda zai san dalilin da ya sa hoton jiya ya fi na yau. Idan akwai mutum a hoton da za a iya gane fuskarsa, a nemi izininsa tukuna. Haka kuma kada ka leƙa rana ta ƙaramar tagar kyamara idan ka ɗaura gilashi mai jawo nesa, domin yana tattara hasken ya cutar da ido, ka duba ta fuskar bayan kyamara kawai.

Asabar mai zuwa ka kasance a kan Dala minti 40 kafin hudowar rana, ka tsayar da kyamara wuri ɗaya, ka riƙa ɗaukar hoto duk bayan minti biyar har rana ta yi minti 20 da fitowa, kana auna haske da sama kowane karo. Za ka sauko da hotuna goma sha uku na wuri ɗaya. Ka jera su ka ga a wane minti ne launin ya fi kyau, ka tura wa abokanka wannan ɗin kaɗai, sauran kuma ka turo mini mu duba tare.