Tambayi Likita: Na Shafo Wani Abu A Bayan Ɗan Maraina

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekarata 24. Rannan ina wanka na shafo wani abu mai laushi kamar igiya a bayan ɗan maraina na hagu. Ba ya ciwo, amma tunda na ji labarin ciwon dajin maraina barci ya ƙaurace mini. Kunya ta hana ni gaya wa kowa.

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka. Yadda ka siffanta abin, ya fi kama da bututun da ke kwance a bayan kowane ɗan maraina, inda maniyyi ke taruwa ya nuna. Kowane namiji yana da shi, kuma samari da yawa sun zo mini a firgice a kansa. Sai dai ni ba na duba mutum ta wasiƙa.

Ciwon dajin maraina ya fi kama masu shekara 15 zuwa 35, don haka ka yi daidai da ka sa ido. Sau ɗaya a wata, bayan wanka da ruwan ɗumi, lokacin da fatar ta saki, ka riƙe ɗan maraina ɗaya tsakanin babban yatsa da sauran yatsu, ka mirgina shi a hankali, sannan ka koma ɗayan. Lafiyayye sumul yake, kamar dafaffen ƙwai da aka ɓare. Ɗaya ya fi ɗaya saukowa ko ɗan girma, wannan ba komai.

Abin da nake tsoro shi ne ƙullutu mai tauri a jikin ɗan marainan kansa, ko da bai wuce ƙwayar wake ba. Yawanci ba ya ciwo, kuma rashin ciwon ne ke yaudarar mutane su yi watanni suna zuba masa ido. Haka kuma kumburi, nauyi a jakar, ko ɗan ciwo a mara da ya ƙi tafiya. Wanda aka haifa ɗan marainansa bai sauko ba, ko mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya taɓa yin ciwon, ya ƙara lura.

A asibiti za a duba ka, a yi maka hoton sikanin, wataƙila da gwajin jini. Idan aka gano da wuri, fiye da 95 cikin 100 suna warkewa, kuma ko an cire ɗaya, yawanci ɗayan ya isa a haihu. Ka je cikin makon nan.

Amma idan ciwo mai tsanani ya taso farat ɗaya, kada ka kwana. Wataƙila ɗan marainan murɗewa ya yi, jini ya daina shiga, kuma tiyata ake so cikin awa 6.