Wace Bindigar Fenti Ta Dace da Aikin Get da Taga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai walda ne a Tudun Wadar Kaduna, get da tagogi nake yi, da burushi nake musu fenti amma kwastomomi sun fara ƙorafi wai sawun burushi yana fitowa. Ina da ƙaramin kwamfuresa mai lita 50, na shiga kasuwar Fanteka na ga bindigogin feshi kala-kala har kaina ya ɗaure. Wacce zan ɗauka, kuma za ta yi min fentin bango in aikin ya samu?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Gaskiya kafin ka kalli bindiga kwamfuresanka za ka fara dubawa, kuma ba girman tanki ba, a'a, iskar da yake bayarwa a minti ɗaya. Bindigar nan da ake rubuta wa HVLP a jiki, wadda masu fentin mota ke so, tana da kyau sosai, ba ta ɓarnar fenti, amma fa akwai cin iska, yawanci sama da lita 300 a minti, shi kuwa irin naka da ƙyar ya kai 200, sai ka ga ka fara feshi lafiya lau kafin ka gama rabin get iska ta yi ƙasa, bindiga ta fara tofi, fenti ya fito da gurji-gurji kamar bawon lemo, kai kuma ka ɗauka kayan ne jabu alhali iska ce ta gaza. Don haka nemi wadda aka rubuta LVLP, ita da iska kaɗan take aiki.

Ka ɗauki mai kofi a sama, fenti da kansa yake gangarowa, ga sauƙin wankewa. Sai bakinta, nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Ka duba jikin bakin za ka ga lamba mai nuna faɗin ramin da fenti ke fitowa, 1.3 ko 1.4 na fenti mai ruwa-ruwa ne irin na mota, firama mai kauri kuwa irin jan nan na hana tsatsa da kuke fara shafa wa ƙarfe sai 1.8 zuwa 2.0. In kuɗin ba su kai na baki biyu ba, 1.7 ko 1.8 zai riƙe maka firama da fentin mai gaba ɗaya in ka sirka da tina, wato ruwan tsinka fenti, daidai.

Bango kam kar ka ma gwada, fentin ruwa na bango ya yi mata kauri, toshewa za ta riƙa yi. Shi da injinsa daban wanda ba ya amfani da iska, famfo ne ke tura fentin da ƙarfi, yana da tsada, in ba kullum kake samun aikin ba rola ta ishe ka.

Abin da nake roƙonka shi ne ka sa matatar ruwa tsakanin tiyo da bindiga, kuma kullum in za ka tashi ka buɗe ƙasan tanki ruwan da ke taruwa a ciki ya zube, musamman da damina, ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata maka fuskar get. Ka tace fenti kafin ka zuba, ka gwada a jikin kwali tukuna, tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin bakin bindiga da ƙarfen. Kuma don Allah ka sayi takunkumi mai matata na masu fenti, ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare tururin tina, huhu yake wucewa kai tsaye.