Gwadon da na wanke a Badun

'Yata, saƙonki ya iso ni yau bayan la'asar, yaron wajena ya kunna mini na saurara har sau biyu, shi ne kuma na zaunar yake rubuta miki wannan. Jin farko dariya ta kama ni, ji na biyu sai jikina ya yi sanyi. Kin ce kwananki tara a Kaduna gidan aminiyar mahaifiyarki saboda jarrabawar neman aikin nan, jibi za ki taso, kina tambaya ko dole ne ki share ɗakin, ki wanke banɗaki da zanen gado, tunda gidan akwai 'yar aiki har da injin wanki. Kuma wai ƙawarki ta ce in kin yi haka tamkar kin ce wa masu gida gidansu da ƙazanta. Abin dariyar shi ne an wayi gari ana tambaya ko baƙuwa za ta ɗauki tsintsiya. Abin da ya sanyaya mini jiki kuwa, kwana tara cur kina gidan mutane sai yanzu zancen tsintsiya ya faɗo miki. Allah ya sa ni ce ban fahimce ki daidai ba.

Sai dai ƙawar taki ba ta yi shirme gaba ɗaya ba, akwai ɗan abu a bakinta, ba ta dai san inda ya dosa ba ne. Ni ma sai da na sha kunya kafin na sani.

A 1973 ne, shekarar da aka canza kuɗi, fam da sule suka tafi naira ta zo, tsofaffi suna ta rikicewa a kasuwar Kurmi wajen lissafi. Shekarar fari ce kuma, ana ta fita roƙon ruwa. Ina da shekara 14. Baffanmu, ƙanen kakanki, yana fataucin goro a Badun, matarsa ta haihu, sai Inna, kakarki, Allah ya jiƙanta da rahama, ta ce ni zan raka ta suna. Ban taɓa wuce Zariya ba. Muka shiga jirgin ƙasa a tashar Kano da ƙullin tsarabarmu, kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da man shanu a ɗan kwano an ɗaure bakinsa da tsumma. Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru, ina ta ƙirga tashoshi. Da muka hau gadar Jebba na leƙa na ga kogin Kwara, sai na ƙanƙame hannun Inna ina salati. Daga nan ƙasa ta fara yin kore shar, mu da muka baro gero yana ƙonewa a gona. Ilori, Offa, Oshogbo, sannan Badun.

Baffa ɗaki ɗaya gare shi a Sabo, ga mai jego ga danginta, babu wurin da za mu sa haƙarƙari. Sai fatomansa, wato maigidan da fatake ke sauka a wajensa yana sayar musu da kaya, ya ce a kai mu cikin gida wajen uwargidansa. Kowa Hajiya yake ce mata, ni ma ban taɓa jin sunanta na yanka ba. Gida ne mai ɗakuna jere, rufin kwano, ƙasa siminti. Waje cike da baƙi maza, masu goro da masu shanu, ƙamshin ɗanyen goro da ganyen da ake ɗaure huhu da shi ya cika zaure. Ba mu haɗa komai da matar nan ba, ko gari, amma ta tare mu kamar 'yan ɗakinsu. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, to ita duka biyun ta yi mana. Ta ba mu ɗan ɗaki kusa da nata, tabarmi biyu, matashi, buta, fitilar ƙwai, sannan ta buɗe adakarta ta ciro wani gwado mai kauri, saƙar hannu, fari da ratsin baƙi, ta ce sanyin damina a nan yana shiga ƙashi, mu rufa.

Tun asubar farko Inna ta tashe ni. Kafin Hajiya ta idar da lazimi mun naɗe tabarmi, mun share ɗakin da ƙofarsa, na bi layin famfo na cika randarta. Hajiya ta fito tana tafa hannu, haba Inna, baƙo da aiki, wallahi ku bari. Inna ta ce ai motsa jiki ne Hajiya, ta ci gaba da abin da take. Kullum haka suke yi, wannan ta hana, wannan ta ƙi hanuwa, kuma kowacce ta san ɗayar ba za ta daina ba. Kara ce. Mai gida dole ta hana, don baƙonka Annabinka. Baƙuwa kuma idan ta ji an ce bari ta koma ta miƙe ƙafa, to an gane irin gidan da ta fito.

Rana ta uku sai rawar kai ta ɗebe ni. An aike ni ƙuryar ɗakin Hajiya ɗauko faifai, na ga jerenta na kwanuka, samiru da langa har kusa da rufi, ƙura ta ɗan hau na sama. Na ɗauko tsumma na taka kujera zan fara saukewa. Inna ta leƙo, ba ta ce uffan ba, kallo ɗaya ta yi mini na diro. Da dare bayan an rage fitila ta ce da ni a hankali: "Ƙurar da kika tarar ta masu gida ce, wadda kika kawo ita ce taki. Wa ya ce ki gani, balle ki goge?" Ta ce ita ma haka uwarta ta gaya mata, baƙo ido gare shi amma ba shi da baki, hannunsa kuma iyakarsa inda jikinsa ya taɓa da inda aka sa shi. To kin ga abin da ƙawarki take lalube ke nan. Shiga ƙuryar mutum, ko kankare masa gindin tukunyar da ya shekara yana girki da ita a haka, ko sauya wa kayan falo wuri, wannan gyara ne, kuma gyara a gidan wani zagi ne a fakaice. Amma ɗakin da kika kwana da makewayin da kika shiga, waɗannan ai naki ne har ki fita.

Kwananmu 12. Ranar da za mu taso, na ƙudura a raina sai na goge laifin jere. Inna ta tafi wajen mai jego yin sallama tun da duku-duku. Ni kuma na share ɗaki tas, na wanke butar da toka, na goge gilashin fitila, na jera kwanukan da muka ci abinci. Sai idona ya faɗa kan gwadon. Na ce kwana 12 muna rufa da shi, yaya za a mayar wa Hajiya haka. Na kinkime shi zuwa bakin rijiya, na jiƙa a baho, na dirje shi da sabulun salo har hannuna ya yi ja. Da ya sha ruwa nauyinsa ya fi ƙarfina, da ƙyar wata yarinyar gidan ta kama mini muka matse muka ɗora a igiya, igiyar har tana lanƙwasawa. Ina tsaye ina jin daɗin kaina sai hadari ya haɗo. Ni 'yar Kano, a wajenmu ka yi shanya da hantsi kafin azahar ta bushe ƙarau, ban san a Badun cikin damina zane ma yakan kwana biyu a igiya ba, balle gwado.

Hajiya ta fito ta gan shi yana ɗiga. Na ga fuskarta ta ɗan motsa, sai nan da nan ta yi murmushi ta ce sannu da aiki 'yata, Allah ya yi albarka. Ta ba mu goro da manja da kwakwa, ta raka mu har bakin zaure. Inna ta riga ta tura sabulu biyu da ɗan turaren wuta ƙarƙashin matashi yadda ba za a gani ba sai mun yi nisa.

Inna ba ta yi mini magana ba har jirgi ya wuce Oshogbo. Can sai ta ce, ko kin san yau da dare akwai baƙuwar da za ta sauka a ɗakin nan? Na ce ban sani ba. Ta ce ba ki tambaya ba dai. Ta ce: "Aikin da kika bar wa mutum rabi, kaya kika ɗora masa. Da kin kakkaɓe shi kin ninke kin miƙa mata hannu da hannu kin ce ga shi yana son wanki, da ta san ranar da za ta wanke abinta." Na yi ta kuka a ɓoye cikin mayafi har Ilori. Bayan wata biyu Baffa ya zo Kano, a bakinsa na ji cewa kwana huɗu gwadon ya yi bai bushe ba, sai da aka rataye shi kusa da murhu, ya ɗauki warin hayaƙi, baƙuwar kuwa zannuwan Hajiya na sawa aka ba ta ta rufa. Kuma duk da haka matar nan ta ba shi ɗankwali ya kawo, ta ce a ba yarinyar da ta wanke gwado. Ban sake ganinta ba har ta rasu, ban taɓa samun damar ba ta haƙuri ba. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, in na ga gwado sai ta faɗo mini, in yi mata addu'a.

Yanzu ga abin da ke damuna da ku. Ni ma ina saukar baƙi, 'yan makaranta da masu zuwa asibiti, ina ganin abin da ake bari. Yarinya ta kwana tana danna waya, ba za ta fito ba sai ƙarfe goma, ta tarar an gama shara an dama koko. Ranar tafiya ta ja akwatinta ta ce sai an jima, ka shiga ɗakin ka ga ledojin ruwa a ƙarƙashin gado, gashin da ta tsefe ya toshe magudanar banɗaki, kofin shayi ya kwana uku a taga. Akwai abin da na taɓa tsinta a kwandon banɗaki wanda ba zan sa yaron nan ya rubuta ba, ke mace ce kin gane. Wannan ko uwar da ta haife ki bai kamata ta gani ba. Kun ɗauki gidan mutane kamar otal, alhali a otal ma kuɗi ake biya. Laifin ba naku kaɗai ba ne, mu ne muka ga kuna karatu muka ce a bar su su huta, muka daina tashinku da asuba yadda aka tashe mu.

Maganar 'yar aiki kuwa ita ta fi sosa mini rai. 'Yar aikin nan ita ma 'yar wasu ce, wataƙila ba ta kai ki shekaru ba, talauci ya rabo ta da ƙauyensu. Aikin gidan aka ɗauke ta, zuwanki ƙari ne a kan wanda take yi, kuma ba a ƙara mata ko kwabo saboda ke ba. Malaminmu na Islamiyya ya karantar da mu hadisin da ke cewa baƙunci kwana uku ne, abin da ya wuce haka sadaka ce, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masauki ba. Ke kin ninka uku sau uku. Inna takan ce baƙo raɓa ne, in rana ta fito ko sawunsa ba a gani. Ki nemi yarinyar nan ki gode mata da sunanta, ki damƙa mata wani abu a hannu ba a gaban uwar ɗakinta ba, ko da ɗankwali ne.

Zanen gadon nan da kike tambaya, ni ban san yadda injin nasu yake ba, ban san ko ana samun wuta a unguwar ba, kuma Kaduna yanzu ruwa ake yi. Jibi za ki taso, to kina da gobe. Ki duba sama, ki kuma tambayi matar gidan ko akwai wanda zai shiga ɗakin bayanki. Za ta ce ki bari, ki saurari yadda ta faɗe shi.

Ki gaishe ta da kyau, ki ce Gwaggonki ta Kano tana godiya da ɗawainiya. Idan kin shigo gari ki biyo ta wajena kafin ki wuce gida, akwai daddawa da kuka da na ajiye, sai a ba direba ya kai mata.