Tambaya da Amsa: Me Ya Kamata a Tuna da Shi Game da Christian Chukwu?

Tambaya: A teburin mai shayi na unguwarmu muka yi gardama. Wasu suka ce Christian Chukwu ne ya hana Najeriya zuwa gasar kofin duniya ta 2006, mahaifina kuwa ya ce gwarzo ne. Ina gaskiyar take? Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Malam, mahaifinka ya fi su kusa da gaskiya. Chukwu, wanda ake yi wa laƙabi da Ciyaman, ɗan wasan baya ne kuma kyaftin ɗin ƙungiyar Enugu Rangers. Dattawan Kaduna sun gan shi da idonsu a 1977, lokacin da aka kawo karawa ta biyu ta wasan kusa da na ƙarshe tsakanin Rangers da IICC ta Ibadan filin wasa na Ahmadu Bello, aka tashi babu ci, Rangers ta haye da bugun fenariti, daga bisani ta doke Canon ta Kamaru ta ɗauki kofin Cup Winners' Cup na ƙungiyoyin Afirka.

Ranar 22 ga Maris 1980, shi ne, a matsayin kyaftin ɗin Najeriya, ya karɓi kofin nahiyar Afirka daga hannun Shugaba Shehu Shagari a Legas, bayan an lallasa Aljeriya da ci 3 da nema. Kafin ranar, babu ɗan Najeriyar da ya taɓa ɗaga kofin nan.

Da ya koma horarwa, ya yi wa mai horar da Najeriya Clemens Westerhof mataimaki a 1994, ya horar da Kenya, sannan ya jagoranci Najeriya ta zo ta uku a gasar kofin nahiyar Afirka a Tunisiya a 2004, bayan ta fitar da Kamaru da ci 2 da 1.

Abin da abokanka suke riƙe da shi shi ne wasan neman gurbin kofin duniya da aka yi a Kano a watan Yunin 2005, inda aka yi kunnen doki 1 da 1 da Angola, aka kuma dakatar da shi. Amma tun a 2004 Angola ta ci mu ɗaya mai ban haushi a Luwanda, don haka da ƙasashen biyu suka kammala da maki 21 kowacce, sakamakon karawarsu ne ya ba ta tikiti. Yana da nasa alhakin, domin shi ke zaɓen 'yan wasa, amma ni dai ina ganin rashin adalci ne a manta da kofin 1980 saboda yammaci ɗaya a Kano.

Ya rasu ranar 12 ga Afrilu 2025, yana da shekara 74.